Addu'ar da Ba Zan Ce wa Amin Ba

Daga gida, Damagaram.

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka lafiya, ko kana cikin mota kana karanta ta, ko ka riga ka sauka Yamai. Allah ya tsare muku hanya, ya hana direba gyangyaɗi, ya sauke ku cikin alheri. Na sa ta a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli ne don na san can hannunka zai fara zuwa.

Kada ka yi mamaki don na rubuto maka alhali muna gida ɗaya. Kai ɗan fari ne. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka da bakina ba, ban kuma taɓa zama na zuba maka ido na yi doguwar magana ba. Bin Almasihu bai cire mini wannan kunyar ba, da ita aka rene ni a ƙauyenmu Garagumsa. To abin da baki ya kasa, bik, wato alƙalami, zai yi. Ka kuma sani tun daga nan, raina a ɓace yake, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Jiya da la'asar ina bayan ɗakinka ina tankaɗe, sai na ji kana bitar addu'ar da mutanen Mai Girma, babban mutumin yankinmu da aka ba sabuwar kujerar mulki, suka rubuto maka, wadda za ka karanta ranar Asabar wurin bikin kama aikinsa, a madadin Kirista, bayan liman ya yi tasa. Da farko na ji daɗi. Ka roƙi zaman lafiya, ka roƙi damina mai albarka, har na ce a raina yaron nan ya gaji muryar ubansa. Sai na ji ka ce, "Ya Allah, kai ka ɗora bawanka a kan wannan kujera, wanda ya ja da shi da kai ya ja. Ka rufe bakin masu sukarsa, ka kunyata su, ka mayar musu da sharrinsu." Ka tsaya, ka gyara murya, ka sake faɗi don ta fi zama. Na ajiye rariya na zauna a kan turmi, tuwon jiya ma ƙanwarka Talatu ce ta ƙarasa shi.

Su wane ne masu sukarsa? Ka zauna ka lissafa su kuwa? Ni dai mutum guda na sani a cikinsu, kuma ciki ɗaya muka fito da shi. Kawunka Habu ne. Ka san abin da ya yi, amma zan rubuta maka don ka gan shi da idonka. Mai Girma ya kewaye garkarsa da waya a ƙauyenmu, wayar ta haɗiye har da rijiyar da uwata ta ja ruwa a cikinta, mata suka koma tafiya mai nisa da jarka a kai. Habu ya kira gidan rediyo a shirin da ake buɗe wa jama'a layi, ya ce don Allah a buɗe wa mutane hanyar rijiya. Bai zagi kowa ba, har da "ranka ya daɗe" ya sa. Aka zo da mota aka tafi da shi tun gero bai fitar da kai ba, ga shi yanzu an gama ɗaure damma yana gidan kaso. Matarsa Hadiza a ɗakina take kwana, don ta riƙa kai masa abinci. Kai kanka ka sha kai ta bakin ƙofar a kan moto. Bakin wannan mutumin za ka roƙi Allah ya rufe?

Na san abin da za ka ce, don ka faɗa wa Talatu, ita kuwa ba ta riƙe magana. Ka ce kalmomi ne kawai, kowa ya san addu'ar biki ce, kuma in ka samu shiga kusa da Mai Girma za ka iya yi wa Kawu magana. Ban raina wahalarka ba. Ina kallo ka gama jami'a ka dawo da diplom, ka zauna a fada kuna dafa shayi da abokanka har inuwa ta juya, daga baya ka hau kabu-kabu kana ɗaukar waɗanda ka fi karatu suna yi maka tsawa. Ranar da aka kira ka aka ce ka samu aiki a buron Mai Girma, wato ofishinsa, ni ma na durƙusa na yi godiya. Ban hana ka aikin ba. Je ka rubuta musu takardu, ka karɓi baƙi, ka ci guminka. A kan jimlolin nan kawai nake magana, da amin ɗin da za a ce a bayansu.

Mu nan amin a bakinmu take, ba ma tunani take fita. Mai bara ya yi addu'a mu ce amin, maroƙi ya yi mu ce amin, tsohuwa ta tare ka a hanya tana sa albarka, ba ka ma ji abin da ta ce ba ka shafa fuska. Hana amin rashin kunya ne a wurinmu. Sai da na shiga ajin baftisma aka koya mini ma'anarta, wato na yarda, haka ne, bari ya tabbata. Kamar dangwala yatsa ce a takardar gona, in ka dangwala ka shiga ciki. Na koya a aji amma ban gane ba sai da ta ƙone ni.

Kana goye a bayana lokacin. Zamanin da jam'iyyu suka yi yawa ne, kowace unguwa da tutarta. Aka aiko wa zumuntar mata da zannuwa masu hoton ɗan takara, aka ce mu zo miting mu yi waƙa ɗaya, don a ga har Kirista suna tare da su. Mu kuwa muka ɗinka, muka ɗaura, muka tafi da tulunanmu na kiɗa muna ta rawar kai an san da mu. Bayan waƙa wani mai babbar murya ya karɓi mikoro ya shiga addu'a. "Allah ya tarwatsa ƴan adawa." Muka ce amin. "Allah ya raba su da gidajensu." Muka ce amin, ni har da jan ta kamar waƙa, don an ajiye mu dab da mikoro kuma ina taƙama da muryata. Ko a zuciyata ban kawo kowa ba. A ganina ƴan adawa wasu mutane ne can a Yamai masu manyan motoci.

Ashe maƙwabcinmu Mushe Lawali, yadda muke kiran malamin lakkwal, wato makarantar boko, ɗan adawa ne. Matarsa Zara'u ita ta dama mini kunu duk jegonka, ita ta riƙa yi maka wanka da hannuna ya kumbura. Bayan zaɓe aka yi masa canjin wurin aiki zuwa can arewa inda ko mota sai ranar kasuwa, aka ce ya tashi cikin mako. Na shiga gidansu in taya ta ɗaurin kaya. Ta dube ni ta ce, "Saratu, ajiye kwanon nan. Allah ya karɓi addu'arku, ga shi an raba mu da gida. Na ji ki a rediyo, ai muryarki ba ta ɓuya." Ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da naɗe tabarma. Na fito daga gidan ban san da wace ƙafa na fito ba. Ban sake ganinta ba har yau, zanen kuwa na yi tsumman goge tukunya da shi, amma hakan bai dawo da kowa ba.

Don haka nake gaya maka, ka saurari addu'a har ƙarshenta kafin ka buɗe baki. In aka ce maƙiya, ka tambayi kanka su wane ne, ina gidajensu, wa ke kai musu abinci. Kai kuma naka ya fi nawa nauyi, don ni amsawa kawai na yi, kai kuwa kai za ka ja, jama'a su bi ka.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Da waccan gwamnatin ta faɗi, ina layin famfo da safe aka sa kiɗan soja a rediyo, aka ce an kifar da su. Na rangaɗa guɗa a gaban mutane, na ce Allah ya yi, Allah ya aiko mana da masu ceto. Na dawo gida ina rawa da jarka babu ruwa a ciki. Babanku, Allah ya ba shi hutawa, yana zaune yana gyaran fitila, ya ce, "Saratu, wanda ya sauke waɗancan bai yi murabus ba fa. Bai miƙa wa waɗannan makullin sama ba." Na ce kai dai ba ka son farin ciki. Ba a daɗe ba sababbin suka fara kama nasu masu sukar, maroƙan da na gani a miting ɗin farko su ne dai suka sake riguna suka dawo da addu'ar nan tasu, ko kalma ba su canja ba. Suka yi mana alkawarin ruwa kamar yadda na baya suka yi. Kai shaida ne, da kuɗin ƴan garuwa na rene ku.

Tun daga lokacin na ga masu kaki, na ga masu babbar riga, na ga masu kwat. Kowane ya hau sai a ce Allah ne ya ba shi, ranar da ya sauka bakunan nan dai su ce Allah ne ya kama shi. Kakana ya kan ba mu labarin sarakunan Damagaram na da, masu bindigogin igwa, waɗanda in an ambaci sunansu a ƙauye mutane ke sauke murya. Nasara ya zo ya zauna a kansu, shi ma ya naɗe tutarsa ya tafi. Je ka dubi abin da ya saura na ganuwar Birni, awaki ke hawa. Saboda haka in an ce mini Allah ke ba da mulki, ba ni da musu ko kaɗan, na gani da idona. Shi ke bayarwa, shi ke karɓewa, ba ya shawara da kowa, ba shi da katin jam'iyya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da wannan gaskiyar marfin rufe bakin talaka.

Nan zan zo kan pasto. Na san shi ya ba da sunanka, na kuma san ya ce maka babu mai mulki sai da yardar Allah, don haka addu'ar ba ta da laifi. Ina girmama shi, shi ya yi jana'izar babanku, amma yau da safe na same shi a ofishinsa na ce, "Pasto, ka faɗa wa yaron nan rabin magana, ina sauran?" Ya ce wane saura. Na ce in Allah ne ya ɗora mutum a kujera, ai ya zama bara ke nan, an ba shi riƙo, za a tambaye shi. Wanda aka ba kiwon tumaki ba a ba shi izinin toshe musu rijiya ba. Yaushe aka ce duk abin da bara ya aikata maigida ne ya aikata? Yaushe mai cewa a buɗe hanyar ruwa ya zama mai ja da Allah? Pasto ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Mama, mu tsiraru ne a garin nan. Sai mun samu inuwar wani babba." Ya kuma tuna mini da simintin da Mai Girma ya aiko lokacin da muke gyaran majami'a. Na ce to a faɗa wa yaron haka, a ce masa tsoro muke ji kuma mun ci siminti. Wannan ya fi a ce masa maganar Allah ce.

Tsoron da yake faɗi ba baƙona ba ne, kai ma ka san shi. Ka tuna ranar da tarzoma ta tashi a gari muka fita ta bayan gida babu takalmi, hayaƙi na tashi daga wajen majami'a. Wane babba ne ya zo da inuwarsa? Salular duk wanda babanku ya kira a kashe take. Habu ne ya zo. Musulmi ne mai salla biyar, bai taɓa yarda da abin da na gaskata ba, mun sha yin gardama har mu daina magana, amma ya ari mota ya shigo gari ana jifa, ya kwashe mu ya kai ƙauye, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure ya ce duk mai son ƴar'uwarsa ya fara da shi. Ta hannunsa Allah ya tsare mu, manomin da ko takardar lakkwal ba shi da ita. In Allah ya ga dama da irin su yake aikinsa, ba ya jiran a sa masa hannu a buro.

Akwai kuma wata wautar da na yi, ita ce ta fi daɗewa a jikina. Bayan na gaji da su duka, sai na daina yi wa masu mulki addu'a gaba ɗaya. In pasto ya kai wurin roƙa wa shugabanni, sai in haɗe baki in dubi rufi. Na ce duk ɓarayi ne, su je su nemi mai roƙa musu. Ina jin kaina mai gaskiya, har ina kallon masu cewa amin da raini. Babanku ya lura. Ka san shi, shekarunsa ya ƙare a kan sitiyarin babbar mota, komai da mota yake auna shi. Muna dawowa daga sujada ya ce, "In kina cikin mota direba yana tuƙin banza, sai ki ce ba ruwanki da shi? Ai ƴaƴanki na ciki. Ki roƙa masa ido, ki roƙa masa hankali, in ya nufi rami ki yi masa magana. Abin da ba za ki roƙa ba shi ne Allah ya toshe bakin fasinjan da ya ce ga rami." Na ji haushi don ya fi ni gaskiya, na yi kwanaki ina ba shi tuwo ba magana. Amma na koma ina roƙo, kuma har yau ina yi. Mai Girma kansa ina kiran sunansa a addu'ata kowace safiya, ko da yake wani lokaci sai na cije haƙora.

Saboda haka ban ce ka ƙi yi masa addu'a ba. Yi masa, ka yi da zuciya ɗaya. Ka roƙa masa lafiya da tsawon rai. Ka roƙa masa tsoron Allah, da kunnen da zai iya jin magana mai ɗaci, da mashawartan da ba za su yi masa ƙarya ba. Ka roƙa ya tuna akwai wanda ya fi shi, wanda zai tsaya a gabansa ba rawani ba masu gadi. Ka roƙa wa waɗanda ke tsare, da matan da ke bin hanya da kwanon abinci. Wannan addu'a ce da liman ma zai ce mata amin, kuma ta fi amfanar Mai Girma a kan waccan. Waccan ba addu'a ba ce, kirari ne aka sa masa sunan Allah a gaba. In kirari suke so, maroƙa sun cika gari, sun kuma fi ka iyawa. Abin da suke nema a wurinka shi ne a ji Kirista ya faɗa, a ɗauka a salula a watsa, a ce har su ma sun shaida Allah yana bayanmu. Sunan Yesu suke so ka ara musu, kuma ba naka ba ne balle ka bayar aro.

Ka tuna labarin da kuka yi wasan kwaikwayonsa a makarantar Lahadi, na sarkin da ya yi kwaɗayin garkar talaka har aka kashe mai ita. Allah ne ya bar wannan sarkin a kujera, babu shakka. Allah ne kuma ya aiki annabi ya tare shi a cikin garkar ya faɗa masa abin da ya yi. Sarkin yana da annabawansa na fada birjik masu faɗa masa abin da yake so, ko sunan ɗaya ba ka riƙe ba. Wanda ya tare shi kuwa ba zan rubuta sunansa ba, ka san dalili, sunan nasa babanku ya raɗa maka. Ban ce ka zama annabi ba, ban ga alama ba, mutumin da har yanzu sai an tashe shi sujada. Cewa na yi kada ka shiga layin waɗancan.

Ga yadda nake so ka yi, in har maganata tana da sauran daraja. Kada ka jira sai an miƙa maka mikoro ka ba su mamaki, wannan neman suna ne, kuma cin amanar wanda ya ɗauke ka aiki ne. Da ka sauka ka huta, ka nemi wanda ya rubuta takardar. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce za ka yi addu'ar da farin ciki, amma jimlolin nan ba za su fita daga bakinka ba, ga abin da za ka sa a madadinsu. Kada ka yi masa wa'azi, kada ka ɗaga murya, wannan halina ne kuma bai taɓa saya mini komai ba. In ya tambaye ka dalili ka ce kawunka na cikin waɗanda ake nufi. Gara su san haka daga bakinka tun yau. Wataƙila ya ɗaga kafaɗa ya ce cire, don sau da yawa masu rubuta irin wannan ba su ma karanta abin da suka rubuta. Wataƙila su ba wani ya karanta. Wataƙila kuma su ce ka kama hanyar garinku.

Na auna wannan na ƙarshen, kada ka ce tsohuwa ce ba ta san zafin rashin aiki ba. Na san in ka dawo ƴan fadarku ta shayi za su yi maka dariya, pasto zai ji kunya, yarinyar da kake nema iyayenta za su sake ja da baya. Na san ni ma maganin hawan jinina a kanka na sa rai. Duk na auna. Moto ɗinka na nan, na hana ƙanenka sayar da shi, ɗakinka ma ban ba kowa ba. Wanda ke ɗora sarakuna yana sauke su bai rasa yadda zai ciyar da ɗan kabu-kabu ba. In ba mu gaskata wannan ba, to me muke zuwa yi ranar Lahadi? Batun kuwa za ka ceci Kawu ta wannan hanya, ka daina ruɗin kanka. Mutumin da ka tsaya a gaban duniya ka ce wanda ya ja da shi da Allah ya ja, da wane baki za ka koma ka ce masa ya saki wanda ya ja da shi?

Ranar Asabar zan kunna rediyo, zan zauna a tsakar gida. Tun kana koyon magana, kana haɗa hannu kana roƙon Allah ya ba akuyarmu lafiya, ban taɓa barin addu'arka ta faɗi ƙasa ba, ko ban ji ƙarshenta ba sai na amsa. In ka karanta jimlolin nan, zan rufe bakina. Ba zan tsine maka ba, ba zan daina zama uwarka ba, in ka zo gida za ka ci tuwo. Amma amin ɗina ba za ka samu ba, kuma ina so ka sani tun kafin ka hau dandamali.

Ni dai na san abin da ke cikin takardar, zan iya kame bakina. Akwai wanda bai sani ba. Hadiza ba ta ji bitar da ka yi ba, ban kuma iya faɗa mata ba. Murna take ta yi, ta gaya wa duk wanda ta gamu da shi ɗanmu zai yi addu'a a rediyo. Yau da ta kai abinci ta gaya wa Habu. Ta dawo tana dariya, ta ce ya roƙi mai gadi alfarma a bar su su saurara, an kuma yarda, har ya tara ƴan ɗakinsu ya ce kowa ya zo ya ji ɗan ƙanwarsa. Wani a cikinsu ya ce ai addu'ar Kirista ce, Habu ya ce, "Yaron nan a kafaɗata ya girma, ba zai roƙa mana sharri ba. In ya roƙa zan amsa." Ka san yadda yake yi, zai buɗe tafin hannu ya sunkuyar da kai, yana cewa amin tun ba ka kai ƙarshen jimla ba. Duk abin da ka faɗa ranar, da bakinsa zai amsa shi.

Talatu da ƙanenka suna gaishe ka. Hadiza ta ce in gaya maka ka ɗaga murya sosai don rediyon kaso ƙarami ne. Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka masauki na gari, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya tsare bakinka ranar Asabar.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu.